Sandar awo ko na'ura mai turo saƙo: da wanne za mu tsare kogin Haɗeja?

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta shanye gonakin shinkafa tun daga Ringim har Auyo da Haɗeja, wani shugaban ƙungiyar manoma da muke mutunci da shi ya kira ni bayan sallar isha'i. Ya ce, "Malam, mun ɗan tara kuɗi a asusun ƙungiya, ga shi wani ya kawo mana tallan na'ura, ya ce da zarar ruwa ya taso za ta turo mana saƙo a waya. Mu saya?" Na ce, "Alhaji, a ina za ku kafa ta?" Ya ce a bakin gari mana, inda ido zai kasance a kanta. Na ce ai ruwan da ya riga ya iso bakin gari ba ya buƙatar ɗan aike, yaran da ke wanka a kogi ma sun gan shi.

Tun daga lokacin ake ta maimaita mini irin wannan tambayar, daga ƙungiyoyin noman rani, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da matasan da ke aikin sa kai a lokacin damina. Abin da ake iya saye bai wuce iri uku ba: sandar awo da mutum ke karantawa da ido, na'urar da ake nutsarwa cikin ruwa, da wadda ake ratayewa a saman ruwa. Akwai kuma hanya ta huɗu da ba a saye, wato jiran sanarwar hukuma da hasashen da ake samu ta intanet. Zan bi su, amma ba zan ba su lokaci daidai ba, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Sandar awo ita ce uwa. Faranti ne na ƙarfe mai fenti, yawanci tsawon mita ɗaya, an zana masa santimita-santimita da manyan lambobi, a manna shi a ƙafar gada ko a jikin ƙarfen da aka dasa da kankare. Idan gaɓar kogi mai gangare ce, ana jera su kamar matakala: na farko a can ƙasa yana ɗaukar sifili zuwa mita 1, na biyu ya ɗan hau sama ya ɗauka daga 1 zuwa 2, a haka har a wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa. Dabara ce da ta tsufa ƙwarai. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yau akwai ma'aunin kogin Nilu da aka gina a shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, ginshiƙi ne mai zane-zanen kamu a tsakiyar rijiya, kuma da abin da ya nuna ake gane ko shekara za ta yi albarka, har a yanka haraji. Manyan tashoshin awo na Lakwaja da Makurɗi da Yamai, duk da kayan zamanin da aka ƙara musu, ba su rabu da sanda ba, saboda da ita ake tantance ko na'ura na faɗin gaskiya.

Kyanta a fili yake. Ba ta cin batir, ba ta jiran sabis, tsawa ba ta ƙona ta, ɓarawo ba ya samun abin kirki a jikinta. Kowa na iya gani da idonsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan dagaci ya ce a kwashe hatsi daga rumbunan da ke kwari, mutum zai iya takawa gada ya ga ruwa ya haye jan fenti, gardama ta ƙare. Saƙon da na'ura ta turo kuwa sai an yarda da mai wayar tukuna.

Laifinta shi ne mutum. Sanda ba ta magana, sai an samu wanda zai je safe da yamma, ya karanta, ya rubuta a littafi, ya kira waya. Na taɓa karɓar littafin wani mai karatu na duba, sai na ga kwana goma sha ɗaya a jere lamba ɗaya ce, 214, 214, 214, da biro ɗaya, da hannu ɗaya a natse, a tsakiyar watan Agusta. Na ce, "Baba, kogin nan barci ya yi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wata huɗu ba a ba ni ko sisi ba, ni ma gona gare ni." Ban ga laifinsa ba. Wanda ya kafa sanda bai ware kuɗin mai karatu ba, adon gada ya yi. Sannan da dare ba a karatu, ga shi ranar da aka fi buƙatar lambar ita ce ranar da hanyar zuwa wurin ke nutsewa.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta tun kafin a kashe kwabo, domin yana rikita har masu ilimi. Lambar da ke jikin sanda ba zurfin kogi ba ce, kuma ba a kwatanta ta wannan gari da ta wancan. Kowace sanda da inda aka ɗora sifilinta. A ƙarshen Satumban 2012 ma'aunin Lakwaja ya kai mita 12.84, shekarar da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 sun rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A Yamai kuwa, santimita 620 ne jan layi, kuma a Satumban 2020 da ruwa ya kai 700 unguwanni da gonakin shinkafa na bakin kogi sun nutse. Mita 7 a Yamai bala'i ne, a Lakwaja kuwa ba abin tashin hankali ba ne. Saboda haka duk sandar da za ku kafa, sai a ɗaure sifilinta da wata alama da ba ta motsi, kamar ƙusar da aka binne a kankaren gada ko dakalin masallaci, a sa safiyo ya auna tazarar ya rubuta. Ranar da ruwa ya tumɓuke sandar, da wannan alamar za a mayar da sabuwa daidai inda tsohuwa take. In ba haka ba, littafin shekara biyar ya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Na'urar da ake nutsarwa ba ta fi tsawon tocila ba. Nauyin ruwan da ke kanta take ji, ta mayar da shi tsawo, ta ajiye a cikinta duk minti 15 ko duk awa, yadda aka saita ta. Ana zura ta cikin bututu a ɗaure a ƙafar gada ko a gaɓa, ba mai ganinta, batirinta kuma yana shekaru. Ga mai son tarihin kogi, wato ya san yaushe ruwa ya fara zuwa, yaushe ya kai ƙololuwa, kwana nawa ya yi a fadama, ba ta da na biyu a wannan farashin. Amma a lura da abu biyu. Na farko, tana jin nauyin iska tare da na ruwa, kuma sauyin milibar 1 (ma'aunin nauyin iska ke nan) daidai yake da kusan santimita 1 na ruwa, don haka ko dai a saya mata ƙanwa da za a rataye a sarari tana auna iska ana cirewa, ko a sayi mai igiyar waya mai numfashi, wato mai siririn bututun iska a ciki, wadda ita kuma in danshi ya shiga ta sai ta fara ƙarya. Na biyu shi ne halin kogunanmu. Kogin Haɗeja yashi da laka yake ɗauka, a damina ɗaya sai ya binne bututun, da rani kuma ya janye ya bar na'urar tana gasuwa a rana. Mafi arhar cikinsu ba sa turo saƙo ko kaɗan, sai an ciro su an jona da kwamfuta. Wato za ta ba ka labarin ambaliya dalla-dalla, amma bayan an yi. Ga mai neman gargaɗi, ihu ne bayan hari, sai dai in an haɗa ta da akwatin waya da sola, a nan kuma kuɗinta ya kusa kamo na gaba.

Wadda ake ratayewa a saman ruwa ita ce aka kawo wa Alhaji talla. Ana ɗaure ta a ƙarƙashin gada ko a hannun ƙarfe da ya leƙa kogi, tana harba sigina ƙasa, tana lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Iri biyu ce, kuma masu talla ba kasafai suke bambanta su ba. Mai amfani da sauti ta fi araha, sai dai gudun sauti yana sauyawa da zafin iska. In tana mita 5 sama da ruwa, bambancin digiri 10 tsakanin asuba da azahar zai iya jawo kuskuren kusan santimita 9 idan ba ta gyara kanta da kyau ba, kuma a rana irin ta Jigawa akwatin kan yi zafi fiye da iskar da ke ƙarƙashinsa. Mai amfani da rada, wato siginar rediyo maimakon sauti, ba ruwanta da zafi, kuskurenta 'yan milimita ne, tana iya aunawa daga gada mai tsayi, kuma tun da ba ta taɓa ruwa, laka da itacen da ambaliya ke kwasowa ba sa kai mata. In ana maganar na'ura kawai, ita ce sarauniya.

To amma ba ita kaɗai ake saye ba. Tana tafe da faifan sola, da batir, da akwatin da ke ɗauke da layin waya, da kuɗin data na wata-wata, da shafin intanet na kamfani wanda shi ma sau da yawa ana biyan kuɗin shekara. Kowanne a cikinsu ƙofa ce da aiki zai iya mutuwa ta nan. Na ga wadda wani shirin tallafi ya kafa a wata gada, an yi taro an ɗauki hoto. Da shirin ya ƙare aka daina zuba wa layin kuɗi, kamfanin waya ya rufe shi, ba wanda ya san lambar sirrin shiga shafin, bayan 'yan watanni faifan solan ya koma rufin wani mai cajin waya. Da muka buɗe akwatin, rina ce ta yi gida a ciki. Ko da tana aiki ma, ba ta san abin da take kallo ba: in masunci ya ɗaure kwale-kwalensa a inuwar gada daidai ƙarƙashinta, za ta ce ruwa ya tashi, in tarin ciyawa ya maƙale a ƙafar gada, shi za ta auna, in kogi ya karkata gefe da rani, sai ta yi ta auna yashi da aminci.

Inda ta yi wa sanda fintinkau shi ne dare da gaggawa. Ruwan madatsar Alau ya shigo Maiduguri ne cikin dare, wayewar 10 ga Satumban 2024, mutane suna barci. Garin da ke ƙasan madatsa, ko a bakin korama mai cika cikin awa biyu ta janye, ba zai dogara da mai karatu sau biyu a yini ba. A Nijar ma, ambaliyar da ta fi yi wa Yamai ɓarna ba ita ce mai tasowa daga Gini ba, wadda ke tafiya a hankali ta iso wajen Disamba zuwa Fabrairu, a'a, jan ruwan damina ne da rassa irin su Sirba da Dargol da Gorouol ke zubowa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa aka kafa tashoshi masu turo saƙo da kansu a kan Sirba. Kogin Haɗeja daga Wudil zuwa ƙasa ba haka yake ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa yana bazuwa cikin fadamu yana tafiya a hankali, abin da aka gani a Wudil sai ya ɗauki kwanaki kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar Auyo. Wanda ke da kwanaki a hannu ba ya buƙatar labari duk minti 15. Abin da yake buƙata shi ne amintaccen mutum a can sama.

A nan ne zancen wuri ya fi zancen kaya. Kogin Kano, wanda madatsar Tiga ta 1974 ke riƙe da shi, da kogin Challawa, mai madatsar da aka gama a 1992, suna haɗuwa ne kafin Wudil, daga nan su zama kogin Haɗeja. Duk abin da madatsun biyu suka saki ko suka tumbatsa, haɗe da ruwan saman da ya sauka a ƙasansu, ta ƙarƙashin gadar Wudil zai bi. Don haka ga mutumin Ringim ko Miga ko Auyo, sanda ɗaya a Wudil ta fi rada goma a ƙofar gidansa. Mutumin Gashuwa kuma lissafinsa daban ne, domin yawancin ruwan da ke iso masa daga kogin Jama'are yake, wanda har yau ba a datse shi ba tun da ba a kammala madatsar Kafin Zaki ba. Shi idonsa can ya kamata ya koma. Haka mutumin Yola da Numan yake sauraron labarin madatsar Lagdo ta Kamaru.

Sai dai duk waɗannan tsawon ruwa suke aunawa, ba yawan da ke wucewa ba, kuma masu noman rani yawan ne ya dame su. Ma'aikatan ruwa kan auna gudun kogi sau da yawa a tsawo daban-daban, da farfela ko da na'urar da ake ja a jirgi, har su fitar da jadawalin da ke cewa in sanda ta nuna kaza, to mita kubik kaza ke wucewa a daƙiƙa. Wannan jadawalin yana aiki ne muddin cikin kogin bai sauya ba, kuma a ƙasan Haɗeja kullum sauyawa yake. Ciyawar kacala ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta, ruwa ya karkata ya fi bin hanyar Marma zuwa wajen Nguru. Sai ka ga sanda ta nuna ruwa ya hau alhali ba ƙaruwa ya yi ba, hanya ce ta toshe a gaba ya dawo da baya. Rada mafi tsada ma ba za ta gane wannan ba, sai mai kwale-kwale.

Ƙungiya na iya yin awon gudu na gwargwado ba tare da sayen komai ba. A samu wuri miƙaƙƙe, a auna mita 30 a gaɓa, a jefa gorar roba da aka cika rabi da ruwa a tsakiyar kogi, a duba agogo. A ce ta yi daƙiƙa 40, gudun saman ruwa ya zama mita 0.75 a daƙiƙa. Ruwan ƙasa bai kai na sama sauri ba, don haka a ninka da 0.85, a samu kusan 0.64. In faɗin kogin mita 40 ne, matsakaicin zurfinsa da aka gwada da gorar tuƙi mita 2, a ninka su a samu 80, a ninka da 0.64, ya ba da kusan mita kubik 51 a daƙiƙa. Kowane mita kubik lita 1,000 ne. Injiniya zai yi tsaki, amma in aka yi haka sau uku a jere, sau biyar a shekara a wuri ɗaya, za a gane ko kogin raguwa yake ko toshewa.

Hanya ta huɗu ba zan daɗe a kanta ba. Hukumar NIHSA mai lura da ruwan kogunan Najeriya tana fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da na ruwan sama, hukumar kogin Neja mai hedikwata a Yamai tana bibiyar babban kogi a ƙasashe tara. Akwai kuma Flood Hub na Google, mai hasashen har kwana 7 a gaba kyauta. Duk a riƙa dubawa, ba a biyan ko kwabo. Amma sanarwar da ta ce ƙaramar hukumarku na cikin haɗari a Agusta zuwa Oktoba ba za ta gaya maka ko jingar bayan gari za ta kai jibi ba. Taurarin ɗan adam masu auna tsawon ruwa kuma sai bayan kwana 10 zuwa 27 suke sake bi ta wuri ɗaya, sun fi dacewa da manyan koguna irin Neja da Binuwai.

Abin da na ce wa Alhaji shi ne su raba kuɗin uku. Kashi na farko, sanduna a wuri uku: ɗaya can sama inda ruwa ke fara bayyana, ɗaya a tsakiya, ɗaya a jingar garinsu, kuma kafin su taɓa jikin gada su nemi izini, su kuma tuntuɓi hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, don in akwai tsohuwar sanda a wurin a ɗora a kan sifilinta maimakon a ƙirƙiro sabo. Kashi na biyu, wanda ya fi kowanne girma, alawus da katin waya na masu karatu har shekara uku, a ajiye shi daban kada a taɓa. A zaɓi wanda zamansa a bakin ruwa yake, ɗan gidan Sarkin Ruwa ko mai fito, ba wanda zai hau babur ya zo ba. Ya karanta bayan asuba da bayan la'asar, in ruwa ya shiga rawayan fentin sanda, alamar haɗari ya kusa, ya koma duk awa uku, kuma kowane karatu ya ɗauki hoton sandar ya tura zauren WhatsApp na ƙungiya. Hoton nan shi ne maganin 214, 214. Kashi na uku a riƙe shi don gyara bayan kowace damina.

Fentin kuwa ba daga littafi za a ɗauko shi ba. A zaga gari da dattawa su nuna inda ruwan 2020 da na 2022 suka tsaya a jikin katanga da bishiyoyi, a jawo wannan tsawon zuwa sanda da tiyon ruwa irin wanda magina ke daidaita gini da shi. Ja ya zauna ƙasa da inda ruwa ke fara haye jinga, da tazarar da za ta isa a cika buhunan yashi a kwashe dabbobi. A kuma riƙa duba saurin hawan, domin santimita 20 cikin dare ɗaya a ƙasan rawaya ya fi santimita 2 a bakin ja ban tsoro. Sannan a yanke tun yanzu wa za a kira, wa zai kira dagaci, wa ke da makullin lasifikar masallaci.

Rada na nan zuwa, na ce masa, amma bayan damina biyu ko uku, lokacin da littafinku ya nuna kwana nawa ruwa ke yi daga sandar sama zuwa ta gida, kuma kun ga wace gada ce ta cancanci a kashe mata kuɗi. Ranar da za ku saya, ku tambayi mai tallan abu huɗu kafin ya buɗe kwali: sauti ce ko rada, layin wayar da sunan wa za a yi masa rajista, in kamfaninsu ya rufe shafi za ku iya ciro lambobinku da kanku, kuma wa zai zo daga ina in ta lalace a watan Agusta. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai shi mai tallan daga Legas ya zo." Littafin kuma na ce a riƙa ɗaukar hoton kowane shafi ƙarshen wata, domin na Baban nan da na ba da labari, a aljihun rigarsa yake ranar da kwale-kwalensu ya kife.